Motocin Amurka: a can jarida ta tsare mai saye, a nan wa zai tsare shi?

Duk wanda ya tsaya bakin hanya a Korahane, cikin gundumar Dakwaro, ranar kasuwa, zai ga motoci maƙare da buhunan hatsi, awaki da fasinja. Galibinsu sun gama aiki a wata ƙasa kafin su iso nan, kuma cikin ƙananan motocin da ƴan kasuwa da ma'aikata ke sayowa Maraɗi ko Yamai, da dama daga Amurka suka fito. Sanin tarihinsu yana da amfani ga aljihu da rai baki ɗaya.

A shekara ta 1908 ne Henry Ford ya fito da motarsa Model T. A 1913 ya shimfiɗa layin da mota ke tafiya bisansa, kowane ma'aikaci na ɗaura mata abu guda, har haɗa mota ya sauko daga awa 12 zuwa kamar awa ɗaya da rabi. Kafin ƙarshen 1927 an ƙera miliyan 15. Birnin Detroit ya zama cibiyar Ford, General Motors da Chrysler, jaridu kuwa yabo ya fi yawa a bakinsu, tunda kamfanonin na cikin manyan masu biyan kuɗin talla.

Al'amari ya sauya a 1965, sa'ad da lauya Ralph Nader ya wallafa littafi kan haɗarin motoci, musamman Corvair ta General Motors. Kamfanin ya sa a bi diddigin rayuwarsa, jaridu suka tona asiri, har shugabansa ya nemi gafara gaban kwamitin Majalisar Dattawa a watan Maris 1966. A wannan shekara aka kafa dokar kiyaye lafiyar motoci. A 1977 mujallar Mother Jones ta bayyana yadda tankin man Ford Pinto ke kamawa da wuta in an buge ta daga baya. A 1978 kamfanin ya kira motoci miliyan 1 da rabi domin gyara. Daga baya aka kira jakunkunan iska kimanin miliyan 67 na kamfanin Takata, waɗanda ke iya fashewa su watsa ƙarfe a fuskar direba. An ɗaura su a Honda, Toyota, Ford da wasunsu.

To, a nan gizo ke saƙa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsoffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai, Japan da Amurka, kashi 40 cikin 100 zuwa Afirka. Na Nijar sun daɗe suna biyowa ta Kwatano, kafin rufe iyakar Benin a 2023 ya karkata hanya zuwa Lome. Wasiƙar kiran gyara tana zuwa ga mai motar na can, ba ta ƙetare teku ta iso Korahane. Wasu motocin ma sun yi haɗari ko ambaliya ta shanye su, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu, aka shafe su da fenti.

Amma mai saye bai rasa abin yi ba. Tun 1981 kowace motar kasuwar Amurka na da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, a gindin gilashin gaba, wajen direba. Da ita ana iya dubawa kyauta a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ko akwai gyaran da ba a yi ba. Sa'an nan makanike ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya nemi laka da tsatsa, ya duba shasi ko an yi masa walda.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Motar da za ta bi yashi da ramukan ƙasar Dakwaro, nesa da babban asibiti, ta cancanci bincike kafin a ƙirga kuɗi.