Rana Ba Ta Sayar Da Mai: Injin Ban Ruwa Na Sola A Ƙasar Daura

Damina a ƙasar Daura gajeruwa ce. Daga Yuni zuwa Satumba ne, wata shekarar ma ba ta cika wata huɗu ba. Saboda haka iyalai da yawa a Daura, Sandamu, Zango, Baure da Mai'aduwa sun dogara ga noman rani, ko a bakin madatsun Sabke da Daberam, ko a fadamun da ruwa ke kusa. Iyayenmu da jigo suka yi ban ruwa. Mu kuwa muka koma ga injin fetur, ya rage mana wahala ƙwarai, amma ya ɗaure mu a gindin gidan mai.

Mun ga abin da wannan ɗauri yake jawowa. A watan Nuwamba na 2019 gwamnati ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyakar ƙasa. Masu lambu a wajajen Kongolam da Baure da Zango suka koma saye a hannun 'yan bumburutu. Ran 29 ga Mayu 2023 kuma aka janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Tumatir da albasa ba su san an ƙara kuɗin mai ba. Ranar shan ruwansu in ta zo, ta zo.

Fetur da gas da kananzir daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo su, inda suka taru cikin shekaru masu ɗimbin yawa. Litar da aka ƙona ta tafi ke nan. Amma akwai makamashin da yake sabunta kansa: hasken rana, da iska, da itacen da ake sara ana barinsa ya sake toho. A cikin waɗannan, rana ce ta fi kusa da hannun ƙaramin manomi, kuma ƙasarmu tana cikin inda ta fi yawa a Nijeriya.

Ga yadda injin sola yake aiki. Farantin sola yana karɓar hasken rana ya mai da shi lantarki. Lantarkin ya bi waya zuwa wani ɗan akwati mai daidaita ƙarfinsa, daga nan zuwa famfo. Ba fulogi, ba baƙin mai, ba igiyar ja. Da hantsi ruwa yakan fara zuwa kaɗan kaɗan, da tsakar rana ya yi ƙarfi, da la'asar ya ja baya. A nan ya bambanta da injin fetur, wanda yake kwararo ruwa da yawa cikin sa'a biyu a kashe shi. Na sola a hankali yake aiki, yini guda. Wanda ya saba cika fangali ashirin kafin azahar, sai ya sake tsarin aikinsa.

Mu yi ɗan lissafi, kowa ya gyara shi bisa ga nasa lambu. A ce inji yana shan lita 1 a sa'a, ana kunna shi sa'a 5, sau 3 a mako, har mako 16. Lita 240 ke nan. In lita tana naira 900, kuɗin mai kaɗai ya kama naira 216,000 a rani ɗaya, ban da baƙin mai da kuɗin makaniki. Injin sola ya fi tsada nesa ba kusa ba ranar saye, amma daga ranar ba ya neman ko lita ɗaya, kuma faranti mai kyau yakan yi shekara 20 ko fiye yana aiki. Sai ƙungiya ta tambayi farashinsa a Kano ko Katsina, ta raba da abin da take kashewa a kan mai kowane rani. Amsar ita ce yawan shekarun da zai biya kansa.

Tsadar ranar saye ita ce dalilin da ya sa muke ganin wannan aikin ƙungiya ne. Mutum huɗu ko biyar masu lambuna a jere suna iya haɗa kuɗi, ko su yi adashe, su sayi ɗaya. Amma a rubuta yarjejeniya tun kafin a saya: wa zai sha ruwa wace rana, wa zai ajiye kayan, nawa kowa zai riƙa zubawa a asusun gyara. Sa'o'in tsakar rana su ne masu albarka, don haka a riƙa juya su, kada su zama na shugaban ƙungiya kullum. Ba injin ne yakan raba ƙungiya ba, rabon ruwa ne.

Kafin a biya kuɗi, a fara auna zurfin ruwa, kuma a auna shi a watan Afrilu lokacin da ya fi yin ƙasa. Famfon da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8. In ruwa ya fi haka nisa, sai irin wanda ake zurawa cikin rijiyar burtsatse. Shawararmu kuma a guji batir. Yana da tsada, zafi yana kashe shi, shi ne yakan fara mutuwa. Gara a ajiye ruwa da a ajiye wuta: a ɗora tanki a bisa, famfo ya cika shi da rana, a ba shuka da yamma ko da asuba.

A girka faranti yana fuskantar kudu, a ɗan jingine shi kaɗan, kamar digiri 13, gama Daura tana arewa da tsakiyar duniya da kimanin haka. Kada inuwa ta taɓa shi, ko ta reshe ɗaya ce, domin inuwa a kan kusurwa guda tana rage ƙarfin farantin duka. Babban abokin gabansa a nan shi ne ƙurar hunturu, ita kuwa tana zuwa daidai lokacin noman rani. A riƙa share shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Ɓarayi ma sun san darajarsa. Waɗansu sukan ɗora farantai a kan amalanke su kai lambu da safe su komo da su gida da yamma. Jabu kuma ya cika kasuwa, sai a tafi da wanda ya iya aunawa, a karɓi rasit da takardar garanti.

Abu ɗaya muke tsoro. Tun da ruwan ya zama kamar kyauta, mutum yana iya barin famfo yana zuba yini guda. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da iyaka, in kowa ya yi haka rijiyar maƙwabci ce za ta fara ƙafewa.

Iska fa? A Lambar Rimi kusa da Katsina akwai manyan fankoki 37 da kamfanin Vergnet na Faransa ya kawo don su ba da megawat 10. A watan Disamba na 2012 aka sace injiniyan kamfanin a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai a Nuwamba 2013, aikin da aka yi nufin gamawa cikin shekara biyu ya haura shekara goma. Wannan aikin gwamnati ne, ya fi ƙarfin ƙungiyar manoma.

Itacen girki kuwa yana hannunmu. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai. In aka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, sukan zama itace da sauri fiye da dashe, gama saiwarsu ta riga ta kama ƙasa. Manoman Nijar suna kiransa sassaben zamani, kuma an ƙiyasta ya maido da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewaye. Wanda ya ƙetare Kongolam ya nufi Matamaye zai ga gawo tsaye cikin gonakin gero. Rassan da ake datsewa kowace shekara su ne na murhu, in kuma murhun na laka ne mai rufaffen gefe, ya fi duwatsu uku tsimin itace. Lokacin zaɓen toho shi ne lokacin sharar gona, kafin ruwan fari ya sauka.