Bahago da Awartaki: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Da bazara ta kama a ƙasar Rumbu, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, aiki yakan yi wa maƙera yawa. Manomi na so a gyara masa hauya kafin ruwan shuka, makiyayi na neman gatari da wuƙa, masu zuwa kasuwar Sakabal na jiran kaya. Lokaci ne da ake bukatar kowane hannu. Amma akan ji wata magana da ke sa a bar yaro a kan zuga-zugi shekara da shekaru: wai bahago ba ya iya aiki da awartaki, domin masu dama aka ƙera wa shi. A cikin maganar akwai gaskiya kaɗan da ƙarya mai yawa, ya kamata a rarrabe su.

"Awartaki yana da na dama da na hagu." Wannan gaskiya ne.

Awartaki ƙarfe biyu ne da aka haɗa da ƙusa. Kowane ɓari yana da baki, da faffaɗan wurin da ƙusa ke ratsawa, da ƙafar da ake riƙewa. Maƙeri yakan fara dukan bakin, ya juya ƙarfen ya daki wurin ƙusa, ya sake juyawa ya ja ƙafar. Idan hagu yake juyawa, ƙafar sama za ta bi ta wani gefen ƙusar. Idan dama ne, sai ta bi ta ɗaya gefen. Ko an kifar da awartakin, wannan tsari ba ya sauyawa. Maƙeran Ingila da Amurka ma sun san bambancin, har wasunsu na cewa iri ɗaya ya fi saurin buɗewa a hannunsu. To amma iyakarsa ke nan: ɗan daɗin riƙo, wanda sabo ke shafewa.

"Sai a ƙera ɓari ɗaya na dama, ɗaya na hagu." Ƙarya ce, kuma ita ke ɓata wa masu koyo ƙarfe.

Ɓarin biyu iri ɗaya ake yin su, babu bambanci ko kaɗan. Juyin da aka yi wa na farko shi ake yi wa na biyu, sai a kifar da guda a ɗora kan ɗan'uwansa. Wanda ya juya wannan hagu, ya juya wancan dama, zai ga bakunan sun ƙi haɗuwa, gawayi da gumi sun tafi a banza. Dokar dama da hagu ta gaske a ƙirar awartaki ita ce wannan, kuma ba ruwanta da hannun mai riƙo.

"Yadda almakashi ke ƙin bahago, haka awartaki." A nan aka yi kuskure.

Almakashi kam yana da hannu. Bakunansa wuce juna suke yi, kuma matsin yatsun dama shi ke manne su wuri guda. In aka sa shi a hagu, matsin sai ya raba su, yadi ya lanƙwashe, mai yanka kuma ya kasa ganin layinsa. Haka wasu kayan yanka da aka wasa gefe guda. Shi kuwa awartaki ba yanka yake yi ba, kamawa yake yi. Bakunansa fuska da fuska suke haɗuwa, ko da wane hannu aka matsa. A lura kuma: maƙeri mai dama, da hagu yake riƙe awartaki, guduma ce ke damansa. Bahago musanya su kawai yake yi. Abin da yake bukata shi ne a gyara masa zama, wuta ta koma gefen awartakinsa, kada ya riƙa tsallake jikinsa da ƙarfe mai zafi.

"Aikin hagu ba shi da albarka." Ba shi da tushe.

Addini ya koyar da ci da sha da dama, al'ada kuma ta ɗora bayarwa da karɓa a kai. Wannan ladabi ne, bahago ma yana kiyaye shi. Amma bai hana a yi sana'a da hannun da ya fi ƙarfi ba, masu tarihi ma sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi da hannuwansa biyu yake aiki. Bahagwai ba kaɗan ba ne: wani babban bincike na 2020, da ya tattara bayanan mutum fiye da miliyan 2, ya nuna kusan 10 cikin 100 ne. Tilasta wa yaro ɗaukar guduma da raunanan hannu ba ya ƙara masa albarka. Duka dai zai riƙa kaucewa, ya gaji da wuri, a ƙarshe a ce ba shi da basira.

Abin da ke da haɗari na gaske

Ƙarfen da ya yi jawur har ya doshi rawaya, zafinsa yakan kai digiri 1,000. Idan bakin awartaki bai dace da shi ba, duka ɗaya ya isa ya fizge shi ya faɗa ƙafa ko fuska, balle ga maƙerin da ke aiki a zaune, cinyarsa dab da uwar maƙera. Saboda haka a duba abu huɗu. Bakin ya kwanta a kan ƙarfen gaba ɗaya, ba tsinin kawai ba. In bai kwanta ba, a gasa bakin, a kama ƙarfen da shi, a daka har su dace. Ƙafafun su rage tazara idan an matsa, domin in sun haɗu, riƙon ya ƙare. Ƙusar kada ta yi lako-lako, kada kuma ta cije. Idan aikin mai tsawo ne, a zura zobe a ƙafafun ya riƙe su, hannu ya huta. Awartakin da aka ƙera da sifirin mota kuwa, kada a tsoma shi a ruwa yana ja, yakan tsage.

Maƙera iyayen gida, idan Allah ya ba ku ɗa ko almajiri bahago, ku ba shi guduma a hagunsa, ku juya masa zama. In ya ce awartakin gidan bai zauna masa ba, aikin ƙasa da yini ne a ƙera masa nasa, kuma shi ya fi cancanta ya ƙera shi, kuna tsaye a kansa.