Fiƙar Basiliska da Ɓargon Sandar Sihiri a Almarar Turawa

A cikin littattafan Harry Potter, waɗanda J. K. Rowling ta Ingila ta fitar tsakanin 1997 da 2007, kowace sandar sihiri abu biyu ce: icen da ke waje, da kuma abin da aka cusa a tsakiyarsa, wanda za a kira ɓargo a nan. Kamar laya ce, fatar da aka ɗinke ta da ita sutura ce kawai, asirin yana ciki. Mashahurin maƙerin sanduna na labarin, Ollivander, ɓargo iri 3 yake amfani da su: gashin doki mai ƙaho ɗaya, da gashin tsuntsun nan mai ƙonewa ya sake tashi daga tokarsa, da jijiyar zuciyar dodo mai feshin wuta. Masu sha'awar littattafan sukan ƙara fiƙar macijin nan Basiliska a cikin jerin, amma ita marubuciyar ba ta yi haka ba. Dalilin yana cikin tarihin macijin.

Sunan daga harshen Girka ya fito. Basileus shi ne sarki, ɗafin -iskos kuwa na ƙanƙantawa ne, watau ƙaramin sarki. Wajen shekara ta 77, masanin Rum Filini Babba ya siffanta shi a littafi na 8 na kundinsa na tarihin halitta. Ya ce macijin yankin Sirina ne, a ƙasar Libiya ta yanzu, tsawonsa bai wuce faɗin yatsa 12 ba, da wani farin tabo a kansa kamar kambi. Ya kuma ruwaito cewa wani mahayi ya soke shi da mashi, sai dafin ya bi gorar mashin ya kashe mahayin har da dokinsa. Mawaƙin Rum Lukan, wanda ya mutu a 65, ya riga shi kawo irin wannan labari, inda wani soja ya sare hannunsa don kada dafin ya kai jikinsa.

Abin lura a nan shi ne, dafin Basiliska ba ya zama inda aka ajiye shi. Yakan bi ice ya komo kan mai riƙe da shi.

Rowling ta mai da macijin ƙato, amma ta bar wa dafin halinsa. A littafi na biyu, na 1998, fiƙar ta soki yaron a hannu, hawayen tsuntsun nan ne kaɗai suka cece shi, sa'an nan da ita ya huda littafin da mugun labarin ya ɓoye wani yanki na ransa a ciki. A na ƙarshe, na 2007, an bayyana cewa takobin da ya kashe macijin ya sha dafin, ya zama shi ma yana hallaka irin waɗannan kayan tsafi. Ko'ina fiƙar ta fito, aikinta rushe sihiri ne. Ɓargo kuwa aikinsa ɗaukar nufin mai sanda ya isar da shi, saboda haka wuya su haɗu.

Da marubuciyar ta so ta haɗa macijin da sanda, a labarinta na 2016 game da makarantar Ilvermorny ta Amurka, sai ta sa ɗan guntun ƙahonsa a sandar Salazar Slytherin. Halin wannan sanda shi ne tana jin harshen macizai, ana iya umurtarta ta yi barci. Ƙaho a ka yake, wurin kambi, ya ɗauki sarauta da umurni. Fiƙa a baki take, ta ɗauki dafi.

Malamin da ke koyar da almara zai ga ƙa'ida ɗaya a nan: gaɓar dabba ba ta gadon halin dabbar duka, aikin da take yi a jiki shi take tafiya da shi duk inda aka kai ta.