Daga Ƙasan Akwati Zuwa Kyautar Booker: Sauyin Rayuwar Marubuta Masu Neman Jinsinsu

A 1914 marubucin Ingila E. M. Forster ya kammala littafinsa Maurice, labarin soyayyar maza biyu, ya adana shi bai kai wa maɗaba'a ba. Sai a 1971 aka buga shi, shekara guda bayan mutuwar mai shi. Lissafi Forster ya yi. Yana matashi aka yanke wa marubuci Oscar Wilde ɗaurin shekara 2 da aiki mai tsanani a 1895 saboda neman maza, kuma dokar da ta haramta luwaɗi ba ta sassauta a Ingila ba sai 1967. Yanzu a dubi waɗanda suka ci kyautar Booker mai fam 50,000: Alan Hollinghurst a 2004, Marlon James a 2015, Douglas Stuart a 2020, Damon Galgut a 2021. Duk huɗun ba su ɓoye cewa maza suke nema ba.

Mafi yawan masu karatunmu addini da al'ada sun riga sun yanke musu hukunci a kan lamarin. Abin da wannan nazari ya sa gaba shi ne yadda sauyin ya faru, da abin da ya yi wa marubucin da alƙalaminsa.

Sassaucin doka ne ya buɗe ƙofa, amma kasuwa ce ta faɗaɗa ta. Lokacin da marubuci James Baldwin ya rubuta Giovanni's Room mai irin wannan jigo, kamfanin da ya buga littafinsa na farko ƙin karɓa ya yi, sai wani kamfanin ne ya fitar da shi a 1956. Daga baya annobar ƙanjamau ta shekarun 1980 ta kashe dubban samari a biranen Amurka da Turai, waɗanda suka rage suka matsu su rubuta abin da suka gani, masu saye kuma suka yawaita. A 1989 aka fara ba da kyautar Lambda, wadda aka ware wa irin waɗannan littattafai. Da manyan kamfanoni suka ga akwai ciniki, sai suka shigo. Jami'o'i ma suka buɗe azuzuwan koyar da rubutun ƙirƙira, masu ba ɗalibi kuɗin guzuri, malami kuma albashi.

Kada wani ya ɗauka sana'ar ta zama hutu. Douglas Stuart ɗan Glasgow ne, shaye-shaye ya kashe mahaifiyarsa yana ɗan shekara 16. Aikin zana tufafi yake yi a New York, a ɗan lokacin da ya rage masa yake rubutu, har ya shafe kimanin shekara 10 a kan littafinsa Shuggie Bain, kamfanoni fiye da 30 kuma suka mayar masa da shi. Marlon James na Jamaika ya ce sau 78 aka ƙi littafinsa na farko. Koyarwa a wata kwaleji a jihar Minnesota ce ta riƙe shi. Ranar irin wannan marubuci ba ta bambanta da ta sauran marubuta ba: aikin neman abinci da rana, gyaran shafi da dare ko da asuba, sai jiran amsar edita.

A Afirka kuwa iskar ta kaɗa ta wani gefen, kuma nan ne lamarin ya fi ɗaukar hankali. Jude Dibia ya fitar da Walking with Shadows a Najeriya a 2005, wanda ake yawan cewa shi ne ƙagaggen labarin Najeriya na farko da jaruminsa mai neman maza ne. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar haramta auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14, da shekara 10 ga mai kafa ƙungiyar masu neman jinsinsu ko mara mata baya. Ba da jimawa ba Dibia ya bar ƙasar, ya ƙare a Suwidin. A watan da aka sa hannu kan dokar ne Binyavanga Wainaina na Kenya ya fito fili ya bayyana kansa a rubuce. Sai Arinze Ifeakandu, haifaffen Kano a 1995, wanda ya yi karatun rubutu a Iowa ta Amurka, tarin gajerun labaransa God's Children Are Little Broken Things ya ci kyautar Dylan Thomas a 2023.

Hijirar nan tana da farashi a aikin kansa. Marubucin labari da kunne yake aiki: yadda ake ciniki a kasuwa, yadda uwa take faɗa, sabon salon da samari suka ƙirƙiro bana. Wanda ya yi nisa da gida, daga tunaninsa kawai yake ɗebo waɗannan, tulun da ba a ƙara masa ruwa kuwa ƙarewa yake yi. Sannan editansa da mai saye duk baƙi ne, dole ya riƙa bayyana abin da ɗan gida ba ya buƙatar a faɗa masa. A ganina illa mafi girma ita ce kasuwar waje ta fi son labarin ɗan Afirka da ake kora ana duka, har marubuci ya ji kamar ba a yarda ya rubuta komai ba sai wahala. Waɗanda suka fi burge masu sharhi su ne suka ƙi wannan tarko. Littafin da ya ci wa Marlon James kyauta a kan yunƙurin kashe Bob Marley a 1976 yake, na Galgut kuma a kan wani iyalin Turawan Afirka ta Kudu da alkawarin gida da suka kasa cika wa 'yar aikinsu.

Ko a Turai ba a rufe babin ba. Rasha ta yi dokar hana yaɗa irin waɗannan rubuce-rubuce ga yara a 2013, ta faɗaɗa ta zuwa manya a 2022. Hangare ta yi tata a 2021, inda aka tilasta wa shaguna naɗe littattafan yara masu irin wannan jigo a leda. A Amurka ma littattafai masu wannan jigo ne kan gaba cikin waɗanda ake neman a cire daga ɗakunan karatu na makarantu.

Saboda haka nasarar da ake gani ta masu rubutu da Turanci ce, a wasu birane ƙalilan. Marubucin Afirka da ya ɗauki wannan jigo ya sami kyauta da albashi a waje, amma ya rasa mai karatun gida.