Sauya Gaɓar Kwatangwalo da ta Gwiwa: Sakamakon Bincike da Rayuwar Mutanen Ƙasar Yawuri

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da maɗori, wanda kan haɗa karaya da karare da tofi. Amma akwai ciwon da ya fi ƙarfin ɗori, wato lalacewar gaɓa ita kanta, inda guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashi kan cinye har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Irin wannan ne likitoci kan yi wa aikin sauya gaɓa: a yanke kan ƙashin da ya lalace, a sanya na ƙarfe da roba a madadinsa. Wannan maƙala za ta dubi abin da bincike ya gano game da aikin, sa'an nan ta auna shi da rayuwar mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga.

Wani likita Baturen Ingila, John Charnley, shi ne ya daidaita aikin kwatangwalo a asibitin Wrightington cikin 1962. Robar da ya fara gwadawa, mai suna Teflon, ta riƙa cinyewa cikin 'yan shekaru, har ya zama dole a sake yi wa majinyata da dama tiyata. Bayan haka ne ya koma ga wata roba mai tauri, ya kuma ci gaba da kafa ƙarfen da wani irin siminti na ƙashi. A nan ƙasar, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana cikin wuraren da ake yin aikin.

A 2019 masana daga Jami'ar Bristol suka wallafa a mujallar Lancet cewa wajen kashi 58 cikin 100 na kwatangwalon da aka sauya kan kai shekara 25, na gwiwa kuwa wajen kashi 82. Wani binciken na 2017 ya nuna cewa wanda aka yi wa aikin bayan ya haura shekara 70, haɗarin a sake buɗe shi bai wuce kusan kashi 5 ba, amma ga namiji ɗan shekara 50 da 'yan kai yakan kai kashi 35. Dalili kuwa a fili yake: mai sauran ƙarfi ya fi wahalar da gaɓar, ya kuma fi daɗewa da ita.

Matsalolin da kan biyo baya sun haɗa da daskarewar jini a jijiyar ƙafa, da gocewar gaɓar, da sassautawar ƙarfen. Mafi muninsu shi ne shigar ƙwayoyin cuta, wanda kan sami mutum 1 ko 2 cikin 100. Ƙwayoyin kan manne a jikin ƙarfen inda magani ba ya isa sosai, don haka sau da yawa sai an cire shi baki ɗaya. Haka kuma kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda aka sauya wa gwiwa ba su kan gamsu ba, ko da hoton ƙashi ya nuna kome daidai.

To, amma fa waɗannan alƙaluma daga Turai da Ostareliya aka tattaro su, inda yawancin majinyatan tsofaffi ne masu zama a kujera da kwana a gado mai tsawo. Mutumin bakin tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, ba haka yake rayuwa ba. Basarke a tsugune ko a naɗe yake wuni cikin kwalekwale. Mai dashen albasa cikin Gungawa duƙe yake, mace kuwa a kan 'yar kujera take tuƙa tuwo. Ga tsugunon masai, ga sujada da zaman tahiya sau biyar kullum. Naɗe ƙafa irin wannan shi ne ainihin abin da likita kan hana bayan aikin kwatangwalo, musamman a makonnin farko, domin nan ne gaɓar ta fi saurin gocewa. Mai sabuwar gwiwa kuma sau da yawa durƙuso kan gagare shi. Addini dai ya yi sauƙi, mai larura yana iya salla a zaune. Su da noma ne ba su da irin wannan rangwame.

Wani babban bambanci shi ne amosanin jini, wato sikila, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da shi. Ciwon kan toshe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ga kan ƙashin cinya, sai ƙashin ya mutu ya rurrushe. Saboda haka mai neman sabon kwatangwalo a Arewa yakan kasance saurayi ne ko budurwa. Ƙashinsa yana da wuyar aiki domin ramin ɓargo kan tsuke, ƙwayoyin cuta sun fi saurin kama shi, yakan kuma buƙaci ƙarin jini. Ɗan shekara 25 da aka sauya wa gaɓa, da wuya ya ƙare rayuwarsa ba a sake aikin ba, aiki na biyu kuwa ya fi na farko tsada da haɗari.

Duk da haka bai kamata a raina amfanin aikin ba, domin matashin da ya shekara yana jan gindi yakan miƙe ya yi tafiya ba zogi. Sai dai sassautawar ƙarfe takan fara ne a ɓoye, hoto kaɗai ke nuna ta da wuri. Wanda ya koma ƙauyensa a Ngaski ko Shanga bayan an sallame shi daga Kano, tilas ne ya san ranar da zai koma a duba shi, ya kuma tanadi kuɗin motar tun kafin ranar ta zo.