Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Abin da Na Koyo a Adjamé da Treichville

Kowace shekara in an gama girbi, muna ganin samarinmu suna ɗaure kaya zuwa birni. Wasu Yola, wasu Abuja ko Legas, wasu har ƙetare. Mu da ke aiki a asibiti mukan sake ganinsu bayan shekara biyu ko uku. Waɗansu sun dawo da abin hannu da lafiya. Waɗansu kuwa sun dawo da babbar waya da takalmi mai tsada, amma ga hawan jini, ga gyambon ciki, ga bashi. Saboda su da iyayensu na rubuta wannan labari.

Abin da ya kai ni Abijan

Ƙanena ya yi shekara 9 yana aiki a Abijan, birni mafi girma a ƙasar Kwaddibuwa. Wata rana matarsa ta kira ni tana kuka, ta ce ya faɗi a wurin aiki. Na ɗauki hutu, na bi mota ta Legas, Kwatano, Lome da Akara, har na isa. Da na auna shi, na sami jininsa 180 bisa 110. Ku tuna, in awo ya kai 140 bisa 90 kuma ya tsaya a nan, an shiga hawan jini. Shekarunsa 36 kawai.

Abijan birni ne mai mutane fiye da miliyan 5, an gina shi a bakin wani babban tafki da ake kira Ebrie. Unguwar Adjamé tana arewa da tsakiyar gari, can ne babbar kasuwa da tashar motoci suke. Treichville tana kudu, sai an haye gada. Hausawa sun daɗe a unguwannin nan biyu, yawancinsu daga Nijar, suna sayar da albasa, goro, nama da kayan koli. In ka shiga kasuwa za ka ji Hausar Tawa da ta Maraɗi ko'ina.

Ƙanena yana haya a Treichville, a irin gidan nan mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye, famfo ɗaya, ban ɗaki biyu. Da na shiga ɗakinsa, da ƙyar na sami wurin sa ƙafa. Ga babban talabijin, ga kujerun kushin, ga firij wanda ba komai a ciki sai lemon kwalba. Da dare na tambaye shi, ya ce, "Yaya, rabin kayan nan ban gama biya ba." Yana aikin rana, yana gadi da dare don ya biya bashi. Barcinsa bai wuce awa 4 ba. Abincinsa na titi ne safe da yamma. In kansa ya yi ciwo, sai ya sayi ƙwaya a bakin hanya.

Hajiya mai albasa

A ɗakin da ke kallon nasa akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar Tawa. Albasa take sarowa daga wajen Galmi, garin da asibitin mishan yake, tana sayarwa a Adjamé. Da na ga ɗakinta na zaci talaka ce: katifa ɗaya da gidan sauro, tabarma, akwati biyu, tukwane huɗu, fanka ƙarama. Daga baya matar ƙanena ta gaya mini cewa Hajiya tana da yara masu yi mata aiki a kasuwa, ta gina gida a garinsu, ta haƙa rijiya, tana kuma biyan kuɗin makarantar jikoki shida.

Na ce mata, "Inna, ke da Allah ya hore wa, me ya sa ba ki ƙara kaya a ɗaki ba?"

Ta yi dariya ta ce, "'Yata, duk abin da kika shigo da shi ɗaki, sai ya ci. Firij yana cin wuta, kujera tana cin wuri, bashi yana cin barci. Ni albasata kaɗai nake so in ciyar, don ita ce take ciyar da ni."

Na yi wata biyu a gidan, ina jinyar ƙanena ina kuma kallon yadda take zamanta. Na auna ta sau uku, jininta lafiya lau, ga ta ta haura shekara 60. Ba zan ce sauƙin rayuwa kaɗai ne ya ba ta wannan ba, domin hawan jini yana bin gado ma. Amma abubuwan da take yi, su ne muke roƙon majinyata su yi kullum.

Abinci

Abincin da aka fi sani a titin Abijan shi ne garba: aceke, wato wani irin dambun rogo, da soyayyen kifin tuna, da albasa, tumatir da barkono. Ana cewa sunan ya samo asali ne daga 'yan Nijar da suka fara sayar da shi, domin da yawansu Garba ne sunansu. Abinci ne mai daɗi, mai arha, mai riƙe ciki. Damuwar tana wajen mai da gishiri. Ana soya kifi a mai ɗaya har ya yi baƙi, a zuba man a kan aceke, a marmasa dunƙule a kai. Dunƙulen nan kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da burodi. Ƙanena yana cin garba sau biyu a rana, ya kora da lemon kwalba, wanda sukarin da ke cikin guda ɗaya ya kai cokalin shayi 7 ko fiye.

Hajiya ma tana cin garba, amma sau ɗaya a mako, kuma takan ce kada a zuba mata mai. Sauran kwanaki ita da mata biyu na gidan suna haɗa kuɗi su sayi shinkafa, wake da gero da yawa, su raba. Takan jiƙa wake tun dare don ya nuna da wuri, ta rufe tukunya don kada wuta ta tafi a banza. Miyarta kuka ce ko kuɓewa da daddawa, dunƙule rabi. Zoɓo take dafawa da kanta, sukari kaɗan. In tuwo ya kwana, ta ɗumama shi har ya yi zafi sosai, ta karya da shi.

Ba ta girki da gawayi a cikin ɗaki. Wannan ku riƙe shi da kyau, ko a birni ko a ƙauye. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe mutum cikin barci. Hayaƙin itace kuma yana jawo wa yara ciwon haƙarƙari.

Magani da man shafawa

Wata rana na raka ta Adjamé. Akwai wani wuri da ake kira Roxy, wanda ya yi suna wajen sayar da magani a fili. Na ga ƙwayoyi a cikin tire da daro, rana tana dukansu, waɗansu ba su da kwali. Hukuma ta sha kai samame wurin, masu sayarwa suna komawa. Mutane suna saye don sun ga ya fi arha. A matsayina na nas, ina gaya muku babu tsada kamar wannan arha. Maganin jabu ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro, sai ya bar yaro ya kai ga suma. Maganin ciwon jiki da ake sha kullum ba bisa ƙa'ida ba yana cin ciki, yana lalata ƙoda, yana kuma ɗaga jini. Irinsa ƙanena ya yi shekara biyu yana sha.

Kusa da nan ga rumfunan man bilicin. Gwamnatin ƙasar ta hana sayar da irin man nan masu haɗari tun 2015, amma har yanzu ana samunsu. Suna sa fata ta yi sirara, ciwo ya ƙi warkewa, waɗansu kuma suna kawo hawan jini da ciwon sukari. Hajiya man kaɗanya take shafawa. Ta ce, "Fatar da aka haife ni da ita ba ta taɓa neman kuɗi a wurina ba."

Leda, ruwa da sauro

In za ta kasuwa, da kwandonta take tafiya, da roba mai murfi ta zuba nama ko niƙa. Ba ta karɓar leda sai dole. Gwamnati ta kafa dokar hana ledoji a 2013, amma lambatu cike suke da su. A Abijan ruwan sama ya fi ƙarfi a watan Yuni, in leda ta toshe hanyar ruwa sai ya shiga gidaje. A daren 18 ga Yuni 2018 ambaliya ta kashe aƙalla mutum 18 a birnin. Babbar bolar Akouédo ta karɓi sharar garin tun 1965, sama da shekara 50, kafin a rufe ta a koma kai shara Kossihouen, can bayan gari. Duk ledar da aka ƙi karɓa a kasuwa, an rage wa lambatu da bola kaya.

Kowace Asabar Hajiya takan tattara yaran gidan su kife gwangwanaye, su zubar da ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyi, su wanke durom su rufe. Tana da dalili. Zazzaɓin dengi ya ɓarke a Abijan a 2017 da 2019, kuma sauron da ke kawo shi a ruwan gwangwani da taya yake ƙyanƙyasa, da rana yake cizo. Gidan da ba a tara tarkace ba, sauro da ɓera ba su da wurin ɓuya.

Ba ta saurin yar da abu. In zane ya yage, ta tsai da masu ɗinkin nan da ke yawo da keke a kafaɗa, su gyara. Kwalba ta wanke ta zuba man gyaɗa. Amma a nan ina da gargaɗi ga manoma: galan ɗin maganin feshi ko na ciyawa, kada a zuba masa ruwan sha ko mai ko nono, ko an wanke shi sau goma. A huda shi don kada wani ya ɗauka.

Inda ba a tsumulmula

Kada wani ya karanta wannan ya ce na ce talauci abu ne mai kyau. Wanda ba shi da abin sawa a tukunya, taimako yake bukata. Maganata a kan wanda ya sami ɗan abu ne, ya zaɓi inda zai sa shi. Hajiya ba ta jin ƙyashin kuɗin gidan sauro, sabulu, ganin likita, ko ƙwai da kifi don jikokinta. Inda take tsuke hannu shi ne anko na kowane biki, sabuwar waya, da kayan da ake saye don a gani. Tana zubin adashi, tana kuma da wani ƙulli daban wanda ta ce na ranar ciwo ne, ba ta taɓa shi ko da salla.

Ita ce ta zaunar da ƙanena. Ta ce, "Ɗana, waɗanda kake so su ga talabijin ɗinka, wa ya zo ya kwana da kai a asibiti?" Ya sunkuyar da kai. A makon nan ya sayar da talabijin da kujeru, ya biya mafi yawan bashin, ya bar gadin dare. Ya fara tafiya da ƙafa zuwa bakin tafki ya shiga jirgin ruwa, maimakon ya zauna cikin cunkoson mota. Matarsa ta shiga haɗin sayen hatsi. Ranar da zan taho, awonsa 135 bisa 85. Har yau yana shan maganin da likita ya rubuta masa, kuma zai ci gaba da sha. Rage gishiri da samun barci suna taimakon magani, ba sa maye gurbinsa.

Abin tunawa

1. Kafin ka sayi abu, ka tambayi kanka: in na saya, me zai riƙa ci a wurina kowane wata?
2. Kada ka ci bashi don kayan ado ko biki.
3. Ka ware kuɗin ranar ciwo, ko kaɗan ne.
4. A rage gishiri, dunƙule, mai da sukari. A koma ga daddawa, ganye da wake.
5. Magani sai a asibiti ko kantin magani mai rajista.
6. A je kasuwa da kwando. A kife duk abin da ke tara ruwa.
7. Duk babba ya auna jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko yana jin lafiya.

Kalma ta ƙarshe ga iyaye da ke gida. Sau da yawa mu ne muke ɗora wa 'ya'yanmu wannan nauyi. In yaro ya zo hutun Kirsimati ba da babbar jaka ba, sai mu fara kwatanta shi da ɗan maƙwabci. Ƙanena ya gaya mini cewa kunyarmu ce ta sa ya ci bashin farko, don kada a ce ya je Abijan bai yi komai ba. Na ji nauyin wannan magana, domin ni ma na taɓa tambayarsa yaushe zai aiko mana da hoton ɗakinsa. In ɗanku ya kira daga birni, ku fara tambayarsa ko yana samun barci, me yake ci, yaushe ya auna jini. Ku tattauna wannan a taron zumuntar mata da na matasa. Allah ya ba mu lafiya da wadar zuci.