Yoyon Man Birki: Yadda A Ke Gane Shi Da Yadda A Ke Gyara Shi

Sanin kowa ne yawancin aikin Hakimi a kan hanya ya ke, ko rangadin ƙauyuka, ko zuwa fada. Hanyoyin karkara kuwa cike su ke da mutane da dabbobi, ga gangara, ga kwazazzabai. Saboda haka lafiyar birkin mota magana ce ta rai. An shirya wannan bayani don Hakimai da malamansu su san abin da za su riƙa tambayar direba kafin a tashi.

Yadda Birki Ke Aiki

Birkin ƙananan motoci da mai ya ke aiki. Wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, shi ya yi wa wannan dabara rajista cikin 1917. Idan direba ya taka birki, ƙafarsa ta kan tura wani famfo da makanikai ke kira masta. Masta ita ke tura mai ta siraran bututun ƙarfe da tiyo na roba zuwa ƙafafun motar huɗu, can man ya matse takalman birki su kama. Asirin abin shi ne mai ba ya matsuwa, amma iska tana matsuwa. Da zarar mai ya fita iska ta shiga, ƙarfin birki ya tafi.

Man birki ba ya ƙonewa kamar fetur, gama a rufe ya ke. In an ga ya ragu, lalle da dalili. Ko dai takalman birki ne su ka cinye, ya sauka kaɗan kaɗan cikin watanni, ko kuwa akwai yoyo. An raba mastar motocin zamani gida biyu, don in ɓangare guda ya zube ɗayan ya riƙe. Amurka ta wajabta wannan tun 1968. Amma fa rabin birki na samun wurin tsayawa ne, ba na ci gaba da tafiya ba.

Alamomin Yoyo

1. Abin taka birki ya yi laushi, ko ya nutse har ƙasa.
2. Sai an taka sau biyu ko uku kafin birki ya kama.
3. Jar fitilar birki ta kama a gaban direba.
4. Mai ya sauka ƙasa da layin da ke jikin gorarsa.
5. Ɗigon mai a inda mota ta kwana. Sabonsa fari-fari ne kamar tataccen man gyaɗa, tsohonsa ya kan yi duhu, yana da santsi, yana kuma cin fenti.

Neman Wurin Yoyo

A tsai da mota a wuri mai lebur, a sa mata waigi, a shimfiɗa takarda ƙarƙashinta. Mutum ɗaya ya taka birki ya riƙe, wani ya bi da tocila. A fara da gorar mai da gindin masta. Sa'an nan a bi bututun ƙarfe, musamman mahaɗai da inda tsatsa ta ci ko dutse ya buga. A lanƙwasa kowane tiyo a ga ko ya tsage ko ya kumbura. Daga nan a duba bayan kowace ƙafa: in cikin taya ya jiƙe, robar da ke tare mai a wurin ta mutu. In abin takawa yana nutsewa a hankali alhali mai bai ragu ba, robar cikin masta ce ta gaji. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana bisa jak kaɗai.

Gyara

Mahaɗin da ya saki, a ɗaure shi da sufana. Tiyo ko bututun da ya fashe, sake shi a ke yi, ba a naɗe shi da roba. Takalman da mai ya jiƙa a sake su, na dama da na hagu tare. Bayan haka wajibi ne a fitar da iska: ɗaya ya taka ya riƙe, ɗaya ya kwance ɗan notin fitar da iska, ya ɗaure kafin a saki ƙafa. A maimaita har mai ya fito ba kumfa. Yawanci a kan fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, ana yi ana ƙara mai cikin gora. In an gama, a gwada birki a fili da tafiya sannu sannu.

A zuba irin man da aka rubuta a murfin gora, yawanci DOT 3 ko DOT 4. Kada a gauraya su da DOT 5. Kada a zuba man inji, gama ya kan kumbura robobi duka. Kada kuma a zuba ruwan sabulu kamar yadda waɗansu direbobi ke yi. Sabon DOT 3 sai zafi ya kai digiri 205 ya ke tafasa, ruwa kuwa a 100, in ya tafasa a gangara birki ya tafi. Shi kansa man birki yana shan laimar iska, shi ya sa yawancin masu ƙera motoci ke cewa a sake shi bayan shekara 2.

Abin Da Ke Kan Hakimi Da Malaminsa

Ya kamata malamin Hakimi ya ajiye ɗan littafi, ya riƙa rubuta ranar da aka duba man birki, da ranar da aka ƙara, da gyaran da aka yi. In littafi ya nuna ana ƙara mai a kai a kai, to, mota ta tsaya har makaniki ya gan ta, kome muhimmancin tafiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.